Farin Kai Ba Shaidar Satar Kanwa Ba Ne: Martani ga Mai Yanke Hukunci da Jerin Sunaye

Malam, na karanta maƙalarka a kan takardun Jeffrey Epstein, kuma ban yarda da inda ka dire ba. In na taƙaita hujjarka da adalci, ka fara da cewa duk wanda sunansa ya fito a takardun nan abokin ɓarna ne. Daga nan ka lissafo manyan masu fasahar zamani, su Bill Gates na Microsoft da Reid Hoffman na LinkedIn da Elon Musk da Peter Thiel. Sai ka yi tsalle guda ka faɗo cikin birnin Kano, ka ce tunda haka ne, duk abin da ya biyo ta hannun waɗannan mutane abin gudu ne, har da rigakafin da ake bi gida-gida ana ɗiga wa 'ya'yanmu a Yakasai da Mandawari da Koki. Ka jingina maganar duka da karin maganar nan ta zama da maɗaukin kanwa. Wannan tsalle na ƙarshe shi ya hana ni yin shiru, domin shi ne zai shiga ɗakunan iyaye mata.

A kan Epstein kansa babu saɓani tsakaninmu. Mutumin ya amsa laifi a wata kotun Florida a 2008, laifin da ya haɗa da neman lalata da yarinya ƙarama. An sake kama shi a Yulin 2019 bisa tuhumar safarar 'yan mata, ya mutu a kurkuku a New York ranar 10 ga Agusta na shekarar, kafin a yi shari'a. Abokiyar aikinsa Ghislaine Maxwell an same ta da laifi a Disambar 2021, aka ɗaure ta shekara 20. 'Yan matan da aka cuta galibinsu suna nan da ransu, da yawansu sun fito sun yi magana. Duk mai 'ya mace a gida ya san zafin da ya sa ka ɗauki alƙalami, ni ma zafin nan yana cina.

Amma me ake nufi da suna ya fito? Takardun nan tarin abubuwa ne da ba su da hukunci ɗaya. Akwai littafin lambobin waya, akwai rajistar masu hawa jirginsa, akwai jadawalin ganawa, akwai wasiƙun intanet, akwai bayanan shaidu a gaban lauyoyi, akwai yankan jaridu, akwai ƙorafe-ƙorafen da mutane suka kai wa 'yan sandan ciki na Amurka ba a tantance su ba. Lokacin da wata alƙaliya a New York, Loretta Preska, ta ba da umarnin buɗe takardun ƙarar Virginia Giuffre da Maxwell a Disambar 2023, aka sake su a Janairun 2024, an ga sunayen 'yan fim irin su Leonardo DiCaprio da Cate Blanchett. Da aka karanta shafin, sai aka tarar lauya ne ya tambayi wata shaida ko ta taɓa haɗuwa da su, ta ce a'a. Iyakarta ke nan. Sunan ya fito, da amsar da ta wanke shi a layi na gaba, amma jerin da ke yawo a wayoyin mutane ba ya ɗauke da layi na gaba. Haka kuma sunayen direbobi da masu aikin gida da 'yan jaridar da suka tona asirinsa, da sunayen 'yan matan da aka zalunta, duk suna cikin tarin. Bayan dokar da majalisar Amurka ta zartar a Nuwamban 2025 an saki miliyoyin shafuka. A ma'auninka, Malam, wadda aka cuta da wanda ya cuce ta sun zama abu ɗaya, tunda duka sunansu ya fito.

Kada ka ɗauka na zo wanke Bill Gates. Abin da ya tabbata a kansa ya isa abin zargi. Ya fara ganawa da Epstein a 2011, shekara uku bayan kotu ta tabbatar wa duniya ko wane ne Epstein, kuma ya gana da shi ba sau ɗaya ba. Shi da bakinsa ya ce babban kuskure ne, kuma ya ce neman kuɗin ayyukan lafiya ya kai shi. Tsohuwar matarsa Melinda ta faɗa a 2022 cewa ta nuna masa rashin jin daɗinta da wannan hulɗa tun a lokacin. Mutum mai dukiya irin tasa, da ma'aikatan da za su binciko masa tarihin kowa kafin a sha shayi tare, ba shi da uzurin rashin sani. Zamansa da Epstein ya ba Epstein rigar mutunci da ya shiga da ita wasu gidajen. Wannan laifi ne na ɗabi'a, a faɗe shi da sunansa. Akwai kuma wasu zarge-zarge a kansa da suka fito daga rubutun Epstein kansa, waɗanda ya musanta. Waɗannan hakkinsu bincike, domin maganar mutumin da aka sani da amfani da sirrin manya don riƙe su ba a haɗiye ta haka nan. Abin da babu shi ne tuhuma a kotu cewa Gates ya taɓa wata yarinya. Kai kuwa ka rubuta kamar an yi shari'ar an gama.

Dubi wanda takarda ta kama da gaske. Joi Ito, shugaban wata shahararriyar cibiyar binciken fasaha a jami'ar MIT, ya ajiye aiki a Satumbar 2019. Abin da ya kayar da shi wasiƙu ne da suka nuna cibiyar ta karɓi kuɗin Epstein kuma an yi ta ƙoƙarin ɓoye sunan mai bayarwa. Binciken da jami'ar ta sa aka yi ya gano Epstein ya ba ta dala 850,000 tsakanin 2002 da 2017. Nan ga aiki, ga mai aiki, ga kwanan wata, ga adadi. Irin wannan karatun takardun ke buƙata, shafi-shafi, mutum-mutum.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kai ɗan cikin birni ne, ka taso a garin da ake karanta Risala da Askari da Tuhfa a zaure, garin da aka kafa makarantar horar da alƙalai tun 1934, wadda ta zama SAS. Ka san ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu yake fara haddacewa, cewa kawo hujja a kan mai da'awa yake. Ka san a kotun Shahuci ko ta Ƙofar Kudu shaida ma sai an duba adalcinsa kafin a karɓi maganarsa, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran magana. Hukuncin da aka yanke babu i'izari kotun ɗaukaka ƙara rushe shi take yi. Malamanmu na Malikiyya ba su kasance masu sakaci da alamu ba. Ibn Farhun a cikin Tabsira ya raba waɗanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba, kuma ya yarda a tsananta bincike a kan na biyu da na uku. To ka ga hulɗa da mugu tana iya sauko da mutum daga gida na farko zuwa wanda za a tsare da tambayoyi. Nan na ba ka gaskiya. Amma ko a gida na biyu, bincike aka ce, ba a ce a tsallake shi a yanke ba.

Za ka iya cewa ai waɗannan ba Musulmi ba ne, me ya kai mu ɓata lokacin yi musu adalci. Duk azumi masu tafsiri suna bi ta kan ƙissar Ɗu'uma ɗan Ubairiƙ a Suratun Nisa'i. Musulmi ne ya saci sulke, ya kai ya ajiye a gidan wani Bayahude. Wasu malaman tafsiri sun ce sulken a cikin buhun gari yake, garin yana zuba a hanya har ƙofar gidan Bayahuden. Alama ta nuna shi, kayan sata an same su a ɗakinsa, dangin ɓarawon sun zo suna shaidar ɗan'uwansu da kirki. Sai ayoyi suka sauka suka wanke Bayahuden suka kunyata Musulmin. Wanda aka kama da kayan a hannu ma an wanke shi da aka gano yadda suka je wurinsa, balle wanda sunansa kawai aka gani a littafin wani. Karin maganar da ka kawo ma, in ka duba ta, farin kai kawai ta ce zaman yana kawowa. Gargaɗi ce ga mai zaman, ya san ƙura za ta taɓa shi. Ba ta ba alƙali izinin ɗaure duk mai farin kai da laifin satar kanwa ba.

Kuma mu a Arewa mun ɗanɗana wannan a jikinmu, da mutumin fasaha namu. A Afrilun 2021, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa da tattalin arzikin zamani, yana tsakiyar aikin haɗa lambar NIN da layukan waya, wata jarida ta buga cewa sunansa yana cikin jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci. Ba a kawo jerin ba, Amurka ba ta faɗa ba, jaridar ta janye labarin ta ba da haƙuri. A daidai lokacin kuma aka fito da tsofaffin kaset-kaset na wa'azinsa na shekarun 2000, inda ya yi kalaman goyon baya ga Taliban da Alƙa'ida. Wannan muryarsa ce, bai musa ba; a wurin tafsirinsa a Masallacin Annur na Abuja ya ce ya yi kalaman yana da ƙuruciya kuma ya sauya fahimta. Mutane suka rabu, wasu suka ce ya sauka, fadar shugaban ƙasa ta tsaya masa, ya ci gaba har 2023. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Ɗaya suna ne a jerin da ba a gani ba, ɗaya magana ce da ta fito daga bakinsa wadda dole ya amsa. A lokacin nan kusan kowa a majalisun hira na cikin birni ya iya bambance su, kuma mun ji haushin masu cewa ai duk malamin Arewa haka yake. Yanzu da abin ya koma kan baƙi sai mu manta bambancin?

Shekarar 2021 ɗin dai ta zo wa 'yan canji da abin da ba za su manta ba. Bayan wata kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Najeriya shida bisa aika wa Boko Haram kuɗi, hukumomin tsaro a nan suka bi sawun asusun banki, gwamnati ta ce ta kama kimanin mutum 400 a faɗin ƙasa. Cikinsu da 'yan canji na Wapa da wasu 'yan kasuwar Kano. Watanni suka shuɗe iyalai suna kuka a kafafen labarai cewa ba a kai mutanensu kotu ba, wasu ma ba su san inda suke ba. Babu mai hankalin da zai ce a ƙyale mai ɗaukar nauyin masu kashe mu. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a Wapa ya san ɗan canji yana hulɗa da baƙin fuska da yawa a yini, wani ya turo naira ya karɓi riyal ya wuce, ba a sake ganinsa ba. Lambar asusun ɗan canji za ta fito a takardar bankin mutanen kirki da ta mutanen banza. Wanda ya san inda kuɗin za su da wanda bai sani ba, kotu ce kaɗai za ta raba su. Ma'aunin da ka ɗora wa Gates shi ne aka ɗora wa waɗannan, sai dai su ba su da lauyoyin da yake da su. Ƙa'idar hukunci da jerin sunaye idan ta zauna a gari, talaka take fara ci.

Ko takardun Panama na 2016, takardu miliyan 11.5, an ga sunayen Aliko Dangote da Sayyu Dantata, 'ya'yan gidan da kowa ya sani a birnin nan, a matsayin masu alaƙa da kamfanonin ƙetare. Mallakar irin wannan kamfani a kan kansa ba laifi ba ne a doka. A Pakistan da aka bi takardun da bincike har kotun ƙoli, sun kai ga tsige firaminista Nawaz Sharif a 2017. Bin diddigi ne ya raba wanda ya karya doka da wanda bai karya ba.

Yanzu rigakafi. Na san daga ina tsoron mutanenmu ya samo asali, kuma ba na raina shi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin IDH na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. Amma bincike ya gano takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne daga baya aka sa mata tsohon kwanan wata. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75. Lura da yadda Kano ta samu abin da ta samu: an ambaci magani, an ambaci asibiti, an ƙirga yara, an kawo takarda da ke nuna wani aiki. Da cewa kawai aka yi ai Turawa duk mugaye ne, da ko sisi ba a biya ba.

Sai aka ɗauki laifin wani kamfani a kan wani magani aka shafa wa wani rigakafi daban. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano bisa zargin yana ɗauke da abin hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai ƙarshen Yulin 2004. Yaran da cutar ta kama a Najeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa fiye da 1,100 a 2006, kuma ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20, har Yemen da Indunusiya. Yaran wancan lokaci yau samari ne da 'yan mata, kana ganinsu a kan kekunan guragu a Ƙofar Mata da bakin Kurmi. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a ɗakunan shan magani biyu a cikin garin nan, galibinsu mata masu neman abin da za su ciyar da gida. Da wannan tsada aka zo inda aka zo. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita. Sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da ungozomomi, su suka bi lungu-lungu suka dawo da amanar da ta tsinke. Maƙala ɗaya mai zafi tana iya warware aikin shekara goma.

Gaskiya ne gidauniyar Gates ta zuba kuɗi a wannan aiki. A Nuwamban 2012 ta sa hannu a yarjejeniya da gwamnatin Kano da gidauniyar Dangote kan rigakafin yau da kullum. Amma Gates ba shi ya haɗa ɗigon ba. Albert Sabin ya samar da shi tun Gates yana yaro, an ɗiga wa yaran duniya shekaru da dama kafin a kafa gidauniyar a 2000. Wanda ake kawowa Najeriya yana bi ta tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya da NAFDAC. Ko da gobe kotu ta sami Gates da mafi munin laifi, abin da ke cikin kwalbar ba zai sauya ba, domin abin da ke cikin kwalba a ɗakin gwaji ake gane shi, ba a littafin lambobin wayar Epstein ba. Ka haɗa tambayoyi biyu da kowacce ke da hanyar amsarta, ka amsa ta biyu da zargin da ko ta farko bai gama amsawa ba.

Kuma lokacin da ka zaɓa ya fi komai tayar mini da hankali. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 mashaƙo ya ɓarke a ƙasar nan, Kano ce ta ɗauki mafi yawan masu cutar, kuma akasarin yaran da suka kamu ba a yi musu cikakken rigakafi ba. Asibitin Murtala, nan cikin ganuwa, sai da aka ware wurin kwantar da su. Cuta ce da allurar da ake yi kyauta a asibitin unguwa take karewa. Nau'in shan-inna da ke yaɗuwa inda rigakafi ya yi ƙaranci ma bai bar Arewa ba. Uwar da ta ji an karanta maƙalarka a zaure, ko maigidan da ya ji ta a teburin mai shayi, ba zai tsaya bambance Hoffman da Thiel ba. Abin da zai kai gida shi ne kada a buɗe wa masu ɗigo ƙofa.

Akwai wata asarar da ba ka lissafa ba. Idan aka ce kowa mai laifi ne, mai laifin gaske ya sami mafaka, domin zai nuna ɗan fim ɗin da aka ambata a banza ya ce ni ma haka aka yi mini. 'Yan matan da suka shekara da shekaru suna neman a saurare su, abin da suke roƙo shi ne a ware waɗanda suka taɓa su a gurfanar. Hayaniyar jerin sunaye tana binne wannan roƙon.

Idan damuwarka ita ce yawan ƙarfin da attajiri ɗaya daga waje yake da shi a kan lafiyar 'ya'yanmu, wannan damuwa ce ta gaske, zan tsaya tare da kai a kanta. Mu nemi majalisar dokokin jiha ta fito da yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu kowa ya karanta. Mu tambayi abin da ya sa har yau kuɗin rigakafinmu ya dogara da masu ba da tallafi, da nawa jiha take warewa da nawa take saki. Mu tambayi inda bayanan yaranmu da ake tattarawa a wayoyin ma'aikata suke zuwa, da wanda ke riƙe da su. Idan kuma kwalbar ce kake shakka, Kano ta taɓa bin hanyar a 2004: ta tura masananta, suka je har Indunusiya, suka gamsu da wanda ake haɗawa a can, gwamna Ibrahim Shekarau ya ɗiga wa yara da hannunsa a bainar jama'a. Muna da Jami'ar Bayero, muna da Asibitin Malam Aminu Kano, muna da masana haɗa magunguna 'yan cikin birnin nan. Ka rubuta ka nemi a ba su samfuri daga cikin wanda ake rabawa a Gwale da Dala da Birni da Kewaye su gwada, a buga sakamakon da Hausa, ni ma zan sa hannu a takardar.